Filin Makanikai: Sayen tsohuwar motar gudu don a tayar da ita

Wasiƙun da suka zo mana a wannan wata sun karkata kan tsofaffin motocin gudu masu ƙofa biyu, irin waɗanda ake samu da sauƙin kuɗi, mutum ya saya ya riƙa gyarawa a hankali. Mun zaɓo waɗanda amsarsu za ta amfani mutane da yawa.

Assalamu alaikum. Dillali ya nuna min motoci uku da kuɗinsu ya yi kusa da juna: Mazda RX-8 ta 2005, Nissan 350Z ta 2004, da BMW 330Ci ta 2003. Duk suna buƙatar aiki, kuma da albashi zan riƙa gyarawa. Wacce zan ɗauka? (Mai karatu daga Kaduna)

Wa'alaikumus salam, Malam. Ka fara cire Mazda daga lissafi. Injinta ba mai fistan ba ne, wasu ƙarafa biyu masu kusurwa uku ne ke juyawa a cikinsa, kuma da gangan aka yi shi yana ƙona ɗan baƙin mai. Idan bakin waɗannan ƙarafa ya cinye, sai ka ga mota ta tashi lafiya da safe amma ta ƙi tashi in ta ɗau zafi. Maganinsa sai an farke injin gaba ɗaya, alhali masu iya wannan aiki a wajenmu ba su da yawa, ko na'urar auna matsinsa ma daban take da ta sauran motoci.

Saura biyu. 350Z tana da inji mai silinda 6, lita 3.5, dangin wanda ke cikin Murano da Maxima da Infiniti G35, don haka makanikai sun san shi, kuma ya fi na BMW haƙuri da sakaci. Matsalarta kayan jiki: fitila, bamba, gilas da kayan ciki suna da wuyar samu, kujera biyu ce kacal, kuma ta yi ƙasa sosai ga titunan da aka cika da tudun rage gudu. In mai giyar hannu ce, ka saurari ko tana gurzawa wajen shiga giya da sauri, domin na shekarun farko sun yi suna da haka.

Ga mai gyara da albashi, mu 330Ci muke zaɓa. Daga gidan E46 ta fito, wato lambar da BMW ya ba wannan zubi na motocinsa, wanda aka yi masu ƙofa biyunsa daga 1999 zuwa 2006, kuma yawancin kayan injinta da na ƙafa ɗaya suke da na masu ƙofa huɗu da suka cika gari. Injinta M54 ne, lita 3, ƙarfin doki 231 a ƙirar Turai, sarƙa ke juya shi ba bel ba. Cututtukanta sanannu ne, an san inda suke, an san maganinsu. Sai dai da sharaɗi biyu: injin bai taɓa yin mummunan zafi ba, kuma ƙasan bodin ta baya bai tsage ba. In ɗaya daga cikin biyun nan ya samu, koma wa Nissan.

Kada ka zuba duk abin da ke hannunka wajen saye. Ka ware aƙalla rabin kuɗin motar a gefe don aikin watannin farko. In babu wannan rarar, ka dakata tukuna.

Malamai, barkanku da aiki. Zan je Abuja duba wata BMW 325Ci, ita ma 'yar gidan E46. Me da me zan duba, kuma ta ina zan fara? (Mai karatu daga Zariya)

Barka kadai, ɗan'uwa. Kafin ka tashi, ka gaya wa mai motar kada ya kunna ta sai ka iso. Da isarka ka ɗora hannu a kan injin. In da ɗumi, ka ce za ka dawo washegari, domin yawancin aibin inji a tashin farko na sanyi yake bayyana.

Fara da takardu. Lambar shasi mai harafi da lamba 17 tana buge a jikin ƙarfen da kan shokazoba na dama ta gaba ke zaune, a ƙarƙashin bonet. Ta dace da ta takardar kwastam da ta rajista, harafi da harafi. In motar daga Amurka ta zo, sa lambar a shafukan binciken tarihin mota, don da yawa daga gwanjon motocin haɗari ko na ambaliya ake kwaso su. Ɗaga kafet ɗin ƙasa da na but ka shinshina. Warin rima, busasshen laka a lungu, ko kore-kore a bakin wayoyi alamar ruwa ya taɓa shanye ta. Wannan a bar ta, komai kyanta. Haka wadda aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu: an yanka wayoyi, an sauya bututun birki, an huda bangon gaba, kuma ba kasafai aikin ke fita da kyau ba. A allon mita kuma, in ka ga wani ɗan ɗigo yana haske kusa da lambar kilomita, an sauya allon ko akwatin fitilu, don haka kada ka yarda da lambar da ka gani.

Sai inji, tun yana sanyi. Buɗe murfin tankin ruwa. Ruwan ya zama mai launi kuma garau. Ruwa mai tsatsa ko mai maiƙo a sama ba alheri ba ne. Duba ƙarƙashin murfin baƙin mai: in akwai farin kumfa mai kauri, ruwa na haɗuwa da mai. Rufe komai, a tayar. Matsa babban tiyon sama na lagireto da hannu. In ya yi tauri cikin minti ɗaya ko biyu alhali inji bai ɗau zafi ba, iskar silinda ce ke shiga cikin ruwa, wato tof gaskit ya tafi ko tof ɗin ya tsage. Akwai ruwan gwaji mai launin shuɗi da ake ɗorawa a bakin tankin, yana komawa rawaya in akwai hayaƙi a ciki. Kuɗinsa kaɗan ne in aka kwatanta da asarar da yake hanawa.

Dalilin da muke nanata wannan shi ne gangar jikin M54 ta alminiyam ce. In ya yi zafi sosai, ƙarfen yana laushi, sai tiredin ramukan notin tof guda 14 su saki. Makaniki zai sa sabon gaskit, ya zo ɗaure noti, sai noti ya yi ta juyawa. Daga nan sai dai a dasa sabon tiredi na ƙarfe a kowane rami, ko a nemi wani injin.

Auna matsin silinda duka shida da injin a ɗumi. Kada wata ta gaza bar 10, kuma bambancin mafi ƙarfi da mafi rauni kada ya wuce kashi 10 cikin 100. In wata ta yi ƙasa, a zuba mata cokalin shayi na baƙin mai a sake aunawa. In ta tashi, ringi ne. In ba ta motsa ba, bawul ne ko gaskit.

Injin yana aiki a tsaye, gwada cire murfin baƙin mai. Ɗan ja kaɗan daidai ne. In ya riƙe ƙam, ko ka ji fito, bawul ɗin numfashin inji da ke ƙarƙashin manifol ya fashe, kuma shi ke sa shan mai da farin hayaƙi mai shuɗi-shuɗi. Wannan gyara ne mai sauƙi, abin rage farashi ne ba abin fasa ciniki ba. Haka yoyon gaskit ɗin murfin sama da na mazaunin filtar mai: kusan kowacce tana da su.

A jona na'urar karanta laifi. Lambobin P0171 da P0174 galibi iska ce ke shiga ta tsagaggiyar robar da ke tsakanin mitar iska da manifol. Ka kuma lura ko fitilar inji da ta jakar iska suna kamawa in an murɗa makulli kafin su mutu. In ba su kama ba sam, an cire ƙwansu ne don a ɓoye laifi.

Daga nan a hau titi, aƙalla minti 20. Taka birki a hankali daga gudun 80: in sitiyari ya yi rawa, bushin ɗin hannun ƙafar gaba ne ko faifan birki. In mai giya da kanta ce, bayan ta ɗau zafi sosai tsaya ka sa ribas sau uku ko huɗu. Jinkiri ko zamewa a ribas alama ce ta mutuwar giyar waɗannan motoci, ko ta kamfanin GM ce ko ta kamfanin ZF. A ƙarshe a kai ta rami, kada ka biya kafin alƙalami sai ka ga ƙasanta da idonka. Ka duba tsatsa a bakin tayoyin baya, da wuraren sa jak, da mazaunin batir a but, musamman in daga ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara ta fito. Ka ga ko indomin salansa, wato abin tace hayaƙi da ke cikinta, yana nan ko an fafe shi. Abu mafi muhimmanci a ramin kuwa yana cikin amsar wasiƙar Jos da ke tafe.

Na sayi 330Ci wata biyu da suka wuce. In na saki kuloci ko na taka mai da ƙarfi sai in ji ƙara "ƙwas" daga baya. An canja shokazoba, ƙarar na nan. (Mai karatu daga Jos)

Malam, ka daina taka ta da ƙarfi har sai an duba. Abubuwa uku ke kawo wannan ƙara. Biyu masu sauƙi ne: robar da ke haɗa giya da dogon shaf ta tsage, ko bushin ɗin da ke riƙe da difa ya mutu. Na ukun shi ne babban ciwon E46.

Difa da ƙafafun baya duka suna kan wani firam ne da aka ɗaure a ƙasan bodi da noti huɗu. Ƙarfen bodin a wurin siriri ne. Duk lokacin da ka taka mai, difa tana murɗa firam ɗin, tana jan kusurwa ɗaya ƙasa tana tura wata sama. Shekara da shekaru, ƙarfen sai ya gaji ya tsage, yawanci daga mazaunin hagu na baya, sai na dama na gaba. Ramukan titi da bushin da suka mutu suna hanzarta abin. In aka ƙyale, mazaunin yana iya yagewa gaba ɗaya ana cikin tafiya.

A wanke wurin da fetur da burushin ƙarfe, a haska da tocila mai ƙarfi. Tsagar takan zama siririya kamar gashi, wani lokaci layin tsatsa kawai za ka gani. A ɗaga kafet ɗin but a duba ko ɗigon waldar kamfani sun ɓalle, a duba cikin mazaunin tayar hagu ma.

In an samu tsaga, ba aikin walda daga waje ba ne. Sai an sauke salansa, dogon shaf, da firam ɗin baki ɗaya. A cire kan batir, a sauke tankin fetur a kai shi nesa, domin dab da wurin yake. A huda ƙaramin rami a ƙarshen kowace tsaga don kada ta ci gaba, a bi ta da walda, a goge ta yi daidai, sannan a ɗora farantan ƙarfe masu kaurin milimita 2 zuwa 3 a mazaunai huɗun duka, ba wanda ya tsage kaɗai ba. Ana sayar da farantan a yanke daidai wurin. A nemi mai waldar waya da gas, domin waldar sanda tana huda ƙarfe mai wannan sirantaka. A shafe da fenti mai hana tsatsa ciki da waje. Tunda firam na ƙasa, a canja bushin ɗinsa huɗu da na difa da na dogon hannun ƙafar baya a lokaci guda, sannan a yi saitin ƙafa.

Makanikina ya ce in cire tamostat in haɗa fanka kai tsaye, wai motar Turai ce ba ta san zafin Kano ba. Allurar zafi dai a tsakiya take kullum. In yarda? (Mai karatu daga Kano)

Kada ka yarda, Alhaji. Wannan al'ada ta kashe injuna da yawa. An tsara M54 ya yi aiki a wajen digiri 90 zuwa sama kaɗan, kuma tamostat ɗinsa yana da waya da ke zuwa birenbos, wato kwamfutar inji, wanda ke buɗe shi da wuri in mota na aiki mai nauyi. In ka cire shi, inji zai daɗe bai kai zafinsa ba, birenbos ya yi ta ƙara fetur, fetur ya wanke man jikin silinda, fulogi su yi baƙi. Kuma ainihin abin da ke kawo zafin yana nan ba a taɓa shi ba.

Allurar nan ma kada ta ruɗe ka. An yi ta ne ta zauna a tsakiya tun daga wajen digiri 75 har sama da 110. In ka ga ta fara hawa, abu ya riga ya yi nisa. A nan take za ka sauka gefen titi ka kashe, ba sai ka ƙarasa gida ba. Tafiyar minti biyu da allura a ja ta isa ta lanƙwasa tof.

Gaskiyar magana, kayan ruwan wannan mota na roba ne, kuma robar da ta shekara 20 tana shan zafi ta gama aiki. Ga duk wanda ya sayi E46 ba tare da shaidar an canja su ba, wannan ne aikin farko, kafin fenti, kafin komai. A canja su rana ɗaya: tankin ruwa da murfinsa, lagireto, watafam, tamostat da gidansa, tiyon sama da na ƙasa, ɗan sensan da ke jikin tiyon ƙasa, fanbel biyu da tayoyin da suke bi. Canja ɗaya a bar saura yana sa matsi ya koma kan wanda ya fi rauni, sai ya fashe bayan mako biyu.

Ga wuraren da ake yin kuskure. A masu giya da kanta akwai fanka a jikin inji, notinta mai lamba 32 ne kuma a juye yake kwancewa, wato ta hannun dama. Duba fukafukanta, in akwai tsaga a canja, domin in ta tarwatse tana huda lagireto har da bonet. A ƙasan tankin ruwan waɗannan kuma akwai wani ƙaramin tamostat na man giya da kusan kullum yake karyewa wajen cirewa, don haka a sayo shi tun farko. Watafam ba a ɓamɓaro shi da sukudireba: akwai ramuka biyu a gefensa da ake ɗaura noti M6 a riƙa juyawa bi da bi har ya fito. Notinsa huɗu ƙanana ne, ƙarfin ɗauri Nm 10 kawai suke so.

Ruwan da take ci ya kai kusan lita 8 da rabi. A haɗa rabi ruwan sanyaya inji mai kyau, rabi tataccen ruwa irin na batir. Ruwan rijiya ko na burtsatse yana barin farin gishiri da ke toshe lagireto. Wajen zubawa, a ɗaga gaban motar kaɗan, a murɗa makulli ba tare da an tayar ba, a kai hita ƙarshen zafi, fankar ciki a ƙasa, a kwance ɗan notin fitar da iska da ke kusa da bakin tankin. A riƙa zubawa a hankali har ruwa ya fito ta wurin babu kumfa. A ɗaure shi da sauƙi, na roba ne. A yi tafiya, a bari ta huce sarai, a sake duba ruwa. Lokacin hunturu kuma a riƙa hure ƙurar da ke taruwa tsakanin lagireto da na iyakwandishan.

Akwai wata 330Ci a gidan maƙwabcinmu, ta shekara uku a ajiye. Magada sun ce in kawo abin da ya sauwaƙa. Yaya ake tayar da irin wannan? (Mai karatu daga Katsina)

Allah ya jiƙan mai ita. Ka tambayi dalilin ajiye ta, ka kuma tabbatar duk magadan sun amince kuma takardu da makullin asali suna nan, domin makullin yana da ƙwaya a ciki, in babu shi mota ba za ta tashi ba sai an yi aikin kwamfuta.

Kada ka sa batir ka murɗa. Tsohon fetur ya zama danƙo. A zuƙe shi duka, a buɗe ƙarƙashin kujerar baya a ciro famfon mai a duba tsatsa, a canja filtar da ke ƙasan motar ta hagu. A bi wayoyi da akwatin filtar iska, ɓeraye suna son wurin. A cire fulogi shida, a zuba cokali ɗaya na baƙin mai a kowace silinda, a bari ya kwana. Washegari a sa soket mai lamba 22 a notin karanshaf a juya da hannu zagaye biyu. In ya cije, a tsaya, kada a tilasta. In ya juya, a zuba sabon mai lita 6.5 da sabuwar filta, a cire fiyus ɗin famfon mai, a yi ta ba shi sitata na daƙiƙa goma-goma har fitilar mai ta mutu. Sai a mayar da fulogi da fiyus. Matsin fetur ya kai bar 3.5.

Ko ta tashi, kada ta hau titi sai an canja man birki da DOT 4, an tabbatar birki bai kama ba, an kuma sa sababbin tayoyi. Lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya suna nuna mako da shekarar da aka yi ta. Wadda ta haura shekara shida a zafin nan a yar da ita ko da zanenta bai cinye ba. A bincika lambar shasin kuma a ga ko an canja jakar iskarta, domin E46 na cikin motocin da aka yi wa kiranye saboda jakar kamfanin Takata da ke fashewa da ɓaraguzan ƙarfe.

Kayan Beljiyam ko sababbi? Kuma wane baƙin mai ya dace? (Mai karatu daga Maraɗi)

Abin da yake ƙarfe ne zalla, kamar difa, giya, ƙofa, sitata, ko inji sukutum, na Beljiyam ya yi, kuma ana samu a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Apo a Abuja da Ladipo a Legas. Abin da yake roba ko filastik kuwa, tankin ruwa, tiyo, bushin, gaskit, sai sabo, domin na Beljiyam sa'an wanda ka cire ne. Nemi Lemförder a kayan ƙafa, Mahle ko Behr a kayan ruwa, Elring a gaskit, Mann a filta, NGK a fulogi, ka kuma kula da jabu. In za ka sayi inji, a auna matsinsa a gabanka, a rubuta yarjejeniyar mayarwa.

Baƙin mai 5W-40 sintetik zalla mai shaidar BMW ta LL-01 a jikin galan. Mai kauri irin 20W-50 yana jinkirin isa ga VANOS, na'urar da ke sauya lokacin buɗe bawul da matsin mai. Kwamfutar motar tana iya barinka har kilomita 25,000, amma da ƙurarmu a canja a 7,000 zuwa 8,000, a riƙa duba sanda duk sati, don injin yana ɗan shan mai in ya tsufa. In kuma mota ba ta da ƙarfi ƙasa da juyi 3,000 kuma tana tari da safe, zoben robar cikin VANOS ne suka bushe. Ana sayar da na Viton, wata roba mai jure zafi, a canja su, a tuna notin fistan ɗinsa biyu su ma a juye suke kwancewa.